Malam Rula da Jadawalin da Ya Koyi Tafiya

Malam Rula bai taɓa yarda da abin da bai gwada da hannunsa ba. In ka ce masa ana ruwa, sai ya miƙa tafin hannu ta taga. In matarsa ta ce ta kulle ƙofar gida, sai ya ce ya ji, sannan ya tashi ya je ya girgiza kwaɗon. Ko agogon da ke ɗaure a hannunsa ma kallon abokin gaba yake masa, kullum sai ya gwada shi da na bango.

Shekara ashirin da shida ke nan yana rabon lodi a wani kamfanin manyan motocin dakon kaya. Aikin ba shi da wuyar faɗi. Mota ta shigo haraba, mai gadi ya rubuta ta, ta shiga layi. Kaya ya samu, Malam Rula ya duba wanda ya riga isowa ya ba shi. Wuyar aikin ita ce lodi ba ɗaya ba ne. Akwai na bakin ruwa, kwalta sumul, ka je da kaya ka dawo da kaya. Akwai na dutse, hanyar da ke kwance wa mota ƙusoshi, ta kwance wa direba ƙugu. Kowa na son na farko, don haka duk mai zama a kujerar nan sai an gwada shi da kaza, da kwalin sabulu, da gaisuwar da ta fi ƙarfin safiya. An gwada Malam Rula har an gaji. Direbobi kan ce ko kakansa ya taso daga kabari da mota, sai ya bi layi. Wannan shaidar ita ce gonarsa, ita ce gidansa na sama, ba shi da wata.

Rular da ta ba shi suna ta katako ce, lambobinta duk sun goge. Da ita yake bin sahun sunaye tun zamanin babban littafi. Da aka kawo kwamfuta aka ce littafi ya yi ritaya, bai yi gardama ba. Ya samo robar tayar keke ya zagaye allon kwamfutar da ita, ya soke rular a ciki, yadda za ta riƙa hawa da sauka a kan gilashin. Manaja ya gani ya ƙyale shi.

Ga yadda yake aikinsa. A allon akwai jadawalin motocin ranar, kowace da sahunta, sabuwar shigowa a can sama. Zai sa tabaraun nesa ya nemo wanda layi ya zo kansa, ya ja rula ya tsayar a ƙarƙashin sunan. Sai ya cire wannan tabarau ya sa na karatu, ya duba takardar kaya, ya kwafe lambar a ɗan littafin aljihunsa, don bai yarda kwamfuta ba za ta wayi gari ta ce ba ta san shi ba. Da tabaraun karatu allon hazo ne a idonsa, amma rula ai tana nan a fili. Sai ya danna saman rular, ya buga lambar da yatsa biyu yana kallon madannai, ya danna babban maɓalli. Takardar lodi kuma ba a ofishinsa take fita ba, sai can tagar wajen lodi, a bayan gini.

Matsala ɗaya ce da kwamfutar a lokacin. Duk bayan minti goma sha biyar sai ta ƙame. Tana ɗauko sababbin motoci daga na'urar mai gadi ke nan, kuma muddin tana wannan ɗauko ba ta jin kira. Ka danna, ka buga, ka zage ta, wani ɗan zobe kawai ke juyawa a tsakiya har minti biyu. Direbobi a taga su yi ta tsaki.

"Malam, ta sake suma?"

"Ba suma ta yi ba, tunani take. Ku da ba ku taɓa yi ba ina za ku gane shi?"

A wannan minti biyun yake kurɓar shayinsa. In ta farfaɗo, ya sake nemo sunan daga farko, ya sake tsayar da rula.

Manaja ne ya gaji da ƙorafi ya kira Injiniya. Mace ce mai 'ya'ya uku da jaka mai nauyin buhu, kamfanoni da yawa take yi wa gyaran manhaja. Ta zo ranar hutu, lokacin da Malam Rula ba ya nan, ta yi aikinta ta tafi. Washegari kwamfuta ta daina ƙamewa. Kana dannawa tana amsawa, kamar sabuwar amarya. Kowa ya yi murna ban da mutum ɗaya.

"Abin da ya shekara takwas yana ɗingishi ya tashi rana ɗaya yana gudu?" in ji Malam Rula. "Ruwa ba ya tsami banza."

Kuma shayinsa ya riƙa hucewa a kofi.

A cikin direbobin akwai wani dattijo da ake kira Sannu-Sannu, saboda ko akuya ce ta tsaya a titi sai ya jira ta gama shawara. Akwai kuma Wutsiya, ƙanin matar Malam Rula, autan gidansu, mai baki kamar rediyo. Unguwarsu ɗaya da Sannu-Sannu, kuma Wutsiya ba ya iya tashi da wuri sai ƙarar motar dattijon ta tashe shi. Kullum a bayansa yake shigowa ƙofa, hancin motarsa a gindin ta dattijo. Daga nan ya samo sunan.

Ranar Talata lodin bakin ruwa ya faɗo a kan Sannu-Sannu. Takarda ta fito da sunan Wutsiya. Dattijo bai yi ƙorafi ba, ya ce wataƙila shi ne ya yi kuskuren lissafin layi. Ranar Asabar aka maimaita. Ranar Laraba ta sama, karo na uku, ya tako har taga, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Malam, tsakanina da kai shekara nawa?"

"Sun kai ashirin. Lafiya?"

"In surukinka kake so ka gina, ka faɗa mini in koma gefe. Ba sai an riƙa yanka ni da bayan wuƙa ba."

"Wane suruki? Kai na ba lodin bakin ruwa. Ga shi a littafina."

"Littafinka ba ya tuƙa mota. Ga Wutsiya can yana ɗaure tamfol."

Malam Rula ya sa tabaraun nesa ya duba allo. Lambar lodin na zaune daram a gaban sunan Wutsiya. Ya duba littafin aljihu, sunan Sannu-Sannu ne da rubutun hannunsa.

Kafin azahar magana ta zagaye haraba. Masu cewa dama biri ya yi kama da mutum sun faɗa. Wani ya ce ashe ba kaza Malam yake ƙi ba, kazar ce ba ta da yaya a gidansa. Manaja ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam, ni ban ce ka yi ba. Amma sau uku, mutum ɗaya, kuma ƙanin matarka. Direbobi sun ce ranar Litinin ba mai tayar da mota in kana kan kujerar nan. In ba a gano bakin zaren ba kafin nan, zan mayar da kai sito ka riƙa ƙirga tayoyi."

"Ranka ya daɗe, sito ba ya ba ni tsoro. Abin da za a ce ya kai ni can ne."

"To, kana da kwana huɗu."

Mutumin da ke zargin agogonsa, ka ba shi dalili na gaske, ai ka saki kura a kasuwa. Ya fara da mai gadi. Ya je ya tsaya a kansa yana kallon yadda yake shigar da motoci, har bawan Allah ya rikice ya rubuta motar ruwa a matsayin tirela. Ya koma kan mai tagar lodi, ya sa shi ya buɗe cikin firinta, wai ko akwai wata takarda da aka ɓoye. Ya zargi mai shara, don ita kaɗai ke shiga ofishinsa da sassafe, alhali baiwar Allah ko wayarta jikanta ke danna mata.

A gida abin ya fi muni. Wutsiya ya saba biyowa cin abincin rana duk ranar da ba ya hanya. Ranar Alhamis ya shigo da sallamarsa mai tsawo, ya wanke hannu tun kafin a ce bismilla.

"Mijin yaya, ashe kana ƙaunata haka? Sau uku! Ni da na ɗauka ko gawata ba za ka ba hanya ba."

"Wa ka ba kuɗi?"

"Kuɗi? Ni? Tambayi yaya, ko kuɗin cefane na taɓa bayarwa a gidan nan?"

"Kada ka mayar da ni abokin wasanka yau. Wa ya canza maka suna a kwamfuta?"

"Ni da ko sunana ba na iya samowa a cikinta? An miƙo mini takarda na karɓa. In an miƙo maka nama a baki, tofarwa kake?"

"Tashi ka bar mini gida. Kada ka sake taka ƙofar nan sai na san gaskiya."

Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Malam, autan namu kake kora da hannu a jiƙe?"

"Ke ma ban wanke ki ba. Ranar nan na ji kina tambayata wane lodi ya fi daɗi."

"Shekara talatin ina tambayarka yaya aiki, yau ta zama shaida? To, ka haɗa da ni da tukunyar ka kai ƙara."

Ta ɗauke kwanon daga gabansa ta bi ƙaninta da shi har waje. A ranar, da ruwan randa kawai a cikinsa Malam Rula ya koma aiki.

Da ya gama da kowa, mutum ɗaya ta rage, Injiniya. Wa ya taɓa kwamfutar ranar da ba ya nan? Wa aka ce tana iya shiga cikinta daga gidanta ba tare da ta tako ba? Ya tuna ma ya taɓa ganin Wutsiya ya ɗaukar mata jaka zuwa bakin titi. Shi ke nan, a wurinsa shari'a ta ƙare, saura kama ɓarawo da kaya a hannu.

Ranar Asabar da hantsi, lokacin da motoci suka fi shigowa, ya ɗana tarko. Ya kira Sannu-Sannu cikin ofis, inda direba bai taɓa shiga ba, ya ba shi kujera.

"Zauna nan. Idonka ya fi nawa. Wane suna ne a saman rular nan?"

"Nawa ne."

"Madalla. Ga hannuwana a kan ciki. Ba zan taɓa komai ba, ba zan canza tabarau ba. Yau sai na ga mai shigowa."

Suka zuba wa allo ido kamar masu jiran wata. Fanka na kuka a sama. Minti ɗaya, minti biyu. Sannu-Sannu ya fara gyangyaɗi. Can waje aka ji ƙarar ƙofar ƙarfe, wata mota ta shigo. Ko ƙiftawa allon bai yi ba. Wani sabon suna ya ɓullo a can sama, duk sauran suka zame ƙasa da taki ɗaya, shiru, kamar ɓarawo a kan yashi. Sunan Sannu-Sannu ya nutse a bayan rula. A samanta, Wutsiya ya zauna.

"Ka gani!" Malam Rula ya miƙe har kujera ta faɗi. "Ka gani da idonka! Tana ciki yanzu haka!"

"Wallahi ya motsa," in ji Sannu-Sannu, barci ya wartsake. "Ko taɓawa ba ka yi ba."

Aka kira Manaja, Manaja ya kira Injiniya. Ta iso bayan awa ɗaya da jakarta, tana share gumi. Malam Rula ko gaisuwarta bai amsa da kyau ba.

"Baiwar Allah, me na tare miki? Nawa yaron nan ya ba ki?"

"Wane yaro, Baba?"

"Ki bar kirana Baba, ki zo ki ga aikinki."

Ta matso. Ba allon ta fara kallo ba. Rular ta kalla, da robar tayar keke, ta daɗe tana kallo.

"Baba, wannan fa?"

"Rulata ce. Ta girme ki a aikin nan."

"Ranar da na zo ba ta nan."

"Ina barin ta ne? Gida nake tafiya da ita."

"Don Allah yi mini rabon lodi ɗaya ina kallo. Yadda ka saba, kada ka canza komai."

Ya yi, yana huci. Tabaraun nesa, rula, tabaraun karatu, takarda, littafin aljihu. Yana cikin rubutu wata mota ta shigo, sunaye suka zame. Ya ɗago ya kai hannu zai danna saman rula, ta riƙe masa hannun riga.

"Tsaya. Sa ɗaya tabaraun ka duba wanda za ka ba."

Ya duba. Ba wanda ya zaɓa ba ne.

Injiniya ta jawo kujerar da ta faɗi ta zauna, ta dafe kai.

"Ba mai shigowa, Baba. Da, ma'aikaci ɗaya ne a cikinta. Shi ke sauraronka, shi ke zuwa ƙofa ɗauko sunaye. In ya tafi ƙofa sai ka yi ta kira ba kowa, shi ne ƙamewar. Ni kuma na ƙara masa na biyu, wanda ke zirga-zirgar ƙofa ta baya, na gaba ya zauna yana sauraronka. Kuskurena shi ne na bar na bayan yana zuba sunaye a jadawali duk lokacin da ya ga dama, ko kana tsakiyar aiki. Rularka tana riƙe da wuri ne a gilashi, ba ta riƙe da mutum. Da na zauna na ga yadda kake aiki kafin in taɓa, da ba a yi haka ba."

"To me ya sa kullum Wutsiya?" in ji Manaja.

Sannu-Sannu ne ya amsa, a hankali kamar tuƙinsa. "Saboda kullum yana gindina. In na zame, wa zai hau wurina?"

"Kuma ba na jin shi kaɗai ne," in ji Injiniya. "Baba, ba ni littafin nan naka."

Ya ba ta da ƙyar, kamar za ta gudu da shi. Ta jera abin da ya rubuta da hannu da abin da kwamfuta ta fitar tun ranar gyara. Ba uku ba ne. Goma sha ɗaya ne. Mutum takwas an tsallake su ba su ma sani ba, ko sun sani sun haɗiye don wanda ya amfana ba surukin kowa ba ne. Na bakwai a jerin ya fi ba da dariya: Wutsiya ne da kansa aka tsallake, lodinsa na bakin ruwa ya tafi ga wani, shi aka tura shi dutse.

Manaja ya yi ajiyar zuciya. "To, Malam, ka fita. Mu ce wa direbobi na'ura ce ta yi kuskure sau uku, an gyara. Sauran takwas ɗin a bar kaza cikin gashinta."

Malam Rula ya karɓi littafinsa. An wanke shi daga son kai, amma ga shi an kama shi da abin da bai taɓa zato ba. Ya binciki mai gadi, da mai shara, da matar da ta haifa masa 'ya'ya biyar. Abu ɗaya ne bai bincika ba duk kamfanin, shi ne katakon da ke gaban hancinsa.

"A'a, ranka ya daɗe. Hannuna ne ya danna. In na ɓoye takwas, ukun ma ba wanda ya kamata ya yarda da ni."

Ranar Litinin da safe direbobi suka taru a bakin taga, ba wanda ya tayar da mota. Ya fito da littafinsa ya tsaya a kan dakali, ya karanta sunaye goma sha ɗaya, da rana, da lodin da ya kuɓuce wa kowa. Ya ce kowannensu zai sami na bakin ruwa na gaba, bi da bi, kafin a koma layi. Wuri ya yi tsit har sai da ya kai na bakwai.

"Ni?" Wutsiya ya yi tsalle daga bayan taro. "Ni ma an cuce ni? Jama'a ku shaida, mijin yayata ya tura ni dutse, ya kuma hana ni abinci!"

Dariya ta ɓarke. Sannu-Sannu ya mayar da hularsa, ya juya ya nufi motarsa. Da aka ji ya tayar da ita, sauran suka watse kowa ya nufi tasa.

Injiniya ta yi kwana biyu a ofishin, wannan karon a gefensa, tana kallon hannunsa. Yanzu in ya taɓa suna, wani shuɗin zane kan kama sahun ya bi motar duk inda ta zame. Muddin ya kama suna, sababbin shigowa sai su tsaya a wani ɗan lungu a sama, da rubutu cewa mota kaza na jira, ba sa shiga sai ya gama. Kafin takarda ta fita kuma, sunan direban kan fito da manyan baƙaƙen da ko da tabaraun karatu zai gani.

"Ga rularka nan na sa maka a ciki, Baba. Ta katakon ta huta."

"Na ji," in ji shi.

Ya sayi kwalin sabulu ya kai wa mai shara, bai ce mata na mene ne ba. A gida kuwa sai da ya yi sallama sau uku kafin matarsa ta amsa. Ya tarar da Wutsiya zaune a kan tabarmarsa, a gaban kwanonsa, ya kai rabi.

"Mijin yaya, wanke hannu ka matso. Amma ka bi layi, na riga ka isowa."

Har yau rular na nan a soke cikin robarta. In shuɗin zanen ya kama suna, Malam Rula kan ja ta ya tsayar a ƙarƙashinsa, ya naɗe hannu, ya jira mota ta shigo ƙofa don ya ga ko ɗayansu zai motsa.